Wa Ya Ce Gidan Kakanki Kango Ne?

Yau maganar gida na zo da ita, kuma in na ce gida ginin kansa nake nufi, bango da zaure da soro da tsakar gida. An daɗe ana yi mana wa'azin yadda za mu zauna da miji da kishiya, amma ban taɓa jin wanda ya tsaya ya yi mana maganar ɗakin da ake zaman a cikinsa ba. Abin da ya sa na ɗauki biro kuwa wata ɗabi'a ce da ta shigo mana nan Katsina har ta zauna daram, wato raina gidan ƙasa. Yanzu kalmar ta zama zagi. Mata biyu na cacar baki a gidan biki sai ki ji ɗaya ta ce, "Ke da kika fito daga gidan ƙasa har kina da bakin magana?" Yarinya saurayi ya rako ta a mota sai ta ce ya sauke ta bakin titi, ta ƙarasa da ƙafa ta lungu don kada ya ga zauren ubanta. Uwa kuma in an zo neman 'yarta, kafin ta tambayi sallar yaro da sana'arsa ta riga ta aika an dubo mata ko gidansu na bulo ne. To ni dai na ce wannan rashin sanin ciwon kai ne, kuma mu mata muna kan gaba a ciki, don haka da mu zan yi. Wadda ta ji haushi ta yi haƙuri ta karanta har ƙarshe.

Bari mu fara da gidan da ya fi kowane gida daraja a garin nan, wanda in baƙo ya zo hawan sallah can ake kai shi ya ba idonsa abinci. Gidan Sarki nake nufi, wanda sunansa na asali Gidan Korau. Da me aka kafa shi? Da ƙasa, irin wadda kike jin kunya. Muhammadu Korau shi ne ake lissafawa a matsayin Sarkin Katsina Musulmi na farko, masana tarihi da yawa sun sa zamaninsa a ƙarni na 15, wasu ma sun kai shi baya da haka, to ko ta ina aka lissafa gidan ya haura shekara 500. Labarin baka ya ce Korau mutumin 'Yandoto ne, ɗan kokawa, shi ya kayar da Sanau sarkin Durɓawa ya yanka shi da takobin nan Gajere, wadda har yau tana cikin kayan sarautar Katsina. Masu ba da labarin sukan ƙara da cewa wai matar Sanau ce ta tona asirin layar mijinta, shi ya sa aka ci shi. Maza na son wannan wurin ƙwarai, suna jan shi da tsawo don su ce mace ce ke kayar da gida. To mun ji. In har mace na da ƙarfin kayar da gidan sarki, ai sai su yarda tana da ƙarfin riƙe na talaka, kuma can maganata ta nufa.

Ki duba abin da ya ratsa ta kan gidan nan. Zuriyar Korau sun yi ɗaruruwan shekaru a ciki. Aka yi jihadi, wajen 1807 Malam Ummarun Dallaje ya karɓi gari, sarakunan Haɓe suka yi arewa har suka kafa Maraɗi, inda har gobe sarkinsu Sarkin Katsina ake ce masa. Dallazawa suka shiga gidan suka yi kusan shekara 100. Turawa suka zo a 1903, a 1906 aka naɗa Muhammadu Dikko, sarauta ta koma gidan Sulluɓawa. Bayan Dikko sai Usman Nagogo a 1944, sai Muhammadu Kabir Usman a 1981, sai Mai Martaba Abdulmumini Kabir Usman a 2008. Gidan sarauta uku ke nan, biyu daga ciki ma takobi ne ya shiga tsakaninsu, amma duk wanda ya hau sai ya shiga ta Ƙofar Soro ya zauna inda na gabansa ya zauna, kuma ba wanda ya ce a goge sunan Korau. Ba wai ina cewa bangon da Korau ya dafa shi ne a tsaye yau ba. An yi ta gyara, an yi ta ƙari, gine-ginen zamani sun shiga ciki, ganuwar da ta kewaye gidan da ƙofar baya da ake kira Ƙofar Bai sun tafi. Amma gidan na nan inda aka kafa shi, da sashen Soro da Barga da Gidan Ganye. Dalili guda ne, bai taɓa zama kufai ba. Kullum da mai kwana ciki, da mai shara, da mai ganin tsaga ya ce a kira magini.

Ki kwatanta shi da ganuwa, wadda ta fi shi kauri nesa ba kusa ba. Bature ɗan Jamus mai suna Barth da ya zo Katsina a 1851 ya rubuta cewa kewayenta ya kai mil 13 zuwa 14. A da in rani ya yi gari ke fita gyaranta, kowace unguwa da nata yanki. Da tsoron yaƙi ya kau aka daina, ruwa ya ci rabonsa, mu kuma muka bi da diga da jaki muna ɗibar ƙasar gini, wasu suka dasa gidaje a kanta. Yau yaron da aka haifa Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Ƙwaya sunan kawai ya sani da shatale-tale da titi, ƙofofin da yake gani yawancinsu sabon gini ne na siminti. Sai an yi sa'a a nuna masa Ƙofar 'Yanɗaka a ce ta nan Lugga ya shigo. Ba maƙiyi ne ya cinye ganuwar Katsina ba 'yar uwa, mu ne.

Hasumiyar Gobarau kuwa da ba a gyara ta ba a zamanin Sarki Dikko da yanzu sai dai labari. Haka tsohuwar Kwalejin Katsina da ke Rafukka, wadda Gwamna Kilifod ya buɗe a 1922. Ginin jar ƙasa ce. A cikin waɗannan ɗakuna Sardauna Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933, haka Kashim Ibrahim da ya zama Gwamnan Jihar Arewa, haka Isa Kaita, haka Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, wanda duk mai riƙe biro da Hausa ya san uba ne. A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Ginin da ta bari aka sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa, daga baya ya zama gidan adana kayan tarihi. Don Allah ina tambaya, cikinku mutum nawa suka taɓa shiga? Muna da kuɗin kai yara shan askirim ranar sallah, amma mu kai su su ga ɗakin da firayim ministan Nijeriya na farko ya koyi lissafi a cikinsa, wannan ya gagare mu. Ga shi nan dai, ƙasa ce, kuma ba ta hana kowa zama mutum ba.

To amma Gidan Korau yana da sarki, Gobarau da Kwaleji suna da hukuma, ko ana kula ko ba a kula akwai wanda za a tuhuma. Damuwata gidajen da ba su da kowa sai ke da ni, tsofaffin gidajen gado na Masanawa da Gambarawa da Yarinci da Unguwar Alƙali da Albaba da Gafai da sauran lungunan cikin birni. Su ne garin. Unguwar Masanawa sunan Wali Ɗan Masani ta ci, malamin da ya rasu a 1667. Irin waɗannan zauruka ne suka sa aka san Katsina da ilimi har ƙasashen Larabawa, har wani Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, ya je ya yi suna da ilimin lissafi a Masar, ya rasu birnin Alƙahira a 1741. Ba jami'a ce mai bene ta haife su ba, zaure ne da buzu da allo da fitilar aci-bal-bal. Kuma waɗannan gidaje ɗaya bayan ɗaya suke tafiya, ba mai kuka, ba mai ko ɗaukar hoto.

'Yan mata, da yake da yawanku ba ku tarar ba, bari in gaya muku yadda gidan ƙasa yake rayuwa, don shi abu ne mai neman hidima kamar jariri. Magini zai sa a kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana ta ruɓa, a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana. Bango daga ƙasa yake da kauri, yana sama yana sirancewa. Rufi da azara ake yi, wato itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cin sa da sauƙi. In ɗakin babba ne sai a yi masa baka, a ɗaure azara tana hawa kan juna har ta haɗu a tsakiya, a yi rufin da ake kira ɗaurin guga, in kin ɗaga kai sai ki rantse ƙwarya aka kife. A kan soro a kafa zanko, a sa indararo ya riƙa tura ruwa nesa da bango. Don kada ruwa ya ratsa, sai a shafe da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara. Kin ga ke nan gida ɗaya ya ci abincin magini da marini da majemi da mai jaki, kuma duk kuɗin a gari ya tsaya.

Nan aikin maza ya ƙare, sauran namu ne. Daɓe aikin mata ne tun fil azal. In za a kawo amarya, ko daɓen tsakar gida ya fashe, sai a yi gayya, matan unguwa su taru kowa da madaɓinta, a zuba tsakuwa a yayyafa ruwan makuba, a durƙusa ana bugu ana waƙa ana habaici har ƙasa ta yi santsi tana ƙyalli. Na tarar da ƙarshen abin ina ƙarama, mu ne masu ɗibar ruwa, kuma har yau in na ji ƙamshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa sai na tuna. Shafen farar ƙasa a ɗaka mace ce. Jere mace ce. Mace ce ke kwana ta tashi a gidan, don haka ita ke fara ganin inda rufi ya yi gumi, ita ke jin ƙasa na zubowa bayan gado, ita ke ganin hanyar gara ta hau bango, ita ke tsare maigida da magana tun kafin hadari ya fara haɗuwa, "Malam, indararon ɗakin Inna ya toshe fa." Ita ta san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wurinta magana ce ta zahiri, ba karin magana ba. Tarihi ya riƙe sunan manyan magina irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya, ya kuma cancanta. Amma matan da suka hana dubban gidaje faɗuwa shekara da shekaru ba wanda ya rubuta sunan ko ɗaya.

Da muka janye hannu sai ga abin da ya biyo baya. Zan ba da misali da gidan da mahaifiyata ta fito, ba zan faɗi unguwa ba don masu abin na raye. Gida ne mai zaure biyu da shigifa, da soro mai baka wanda aka ce kakan kakanmu ya gina da ribar fataucin Agadas. Akwai rijiya, akwai bishiyar kurna da ta ga aure ya fi a ƙirga. Kakata ita ta riƙe shi bayan rasuwar mijinta, duk shekara daga kuɗin ƙuli-ƙulinta da na adashi take kiran magini. In 'ya'yanta sun ce ta bari a rushe a yi na zamani sai ta ce, "Mi kuka sani? Wanga gida ya ga abin da ba ku gani ba, ku bari in mutu tukuna." Suka kuwa bari. Ba a yi arba'in ba dillalai suka fara sintiri. Aka zauna rabon gado, maza na zaure, mata na cikin gida ana aiko musu da labari. Ƙanwar mahaifiyata ce kaɗai ta ce a dakata, sai aka taso mata, wai tana son hana marayu haƙƙinsu, wai me za a yi da kango. Abin da ya fi ƙona mini rai, matan gidan ne suka fi zaƙewa, kowace ta riga ta lissafa kujeru da firji da kujerar Umara. Aka sayar. Kwana biyu aka yi ana rushe soron, don azarar ta ƙi karyewa, mai sayen gidan ya sa aka loda ta a mota ya sayar daban. Yau shaguna ne a wurin, ana cajin waya a daidai inda ɗakin kakata yake.

Kuɗin fa? Da aka raba gida-gida abin da ya isa hannun kowace mace bai sayi fili ba ko a bayan gari. Shekara ba ta zagayo ba ya narke. Abin da ya tafi kuwa ba ya sayuwa. Da can duk wadda aurenta ya mutu a dangin tana da inda za ta ajiye akwatinta ba tare da ta roƙi kowa ba. Mai wankan jego nan take zuwa. Yaron ƙauye da ya zo karatu nan yake sauka. Ranar sallah ba sai an yi wa kowa aike ba, an san inda za a haɗu. Yanzu shekara ta kan wuce 'ya'yan wa da ƙani ba su ga juna ba sai a gidan mutuwa, kuma na ga bazawara a danginmu tana yawo da 'ya'ya uku daga gidan wannan yaya zuwa na wancan, matan gida na yi mata kallon tuwon da za ta ci. 'Yar uwa ki riƙe wannan da kyau, gidan gado na mace ne fiye da namiji. Shi in ya sayar yana da nasa. Ke gidan da kike taƙama da shi a Layout ko GRA, mai tayil da labule har ƙasa, kalma ɗaya ce tsakaninki da barinsa. Allah ya kiyaye, amma ana yi kullum.

Na san abin da za a ce da ni, don an sha faɗa mini. Za a ce Hajiya kina zaune kina rubutu, ba ki san gidan ƙasa na faɗa wa mutane da damina ba? Na sani, ana rasa rayuka, kuma ba abin wasa ba ne. Ginin da ya riga ya mutu, gindinsa ya jiƙe ya zube, ban ce a kwantar da yara a ciki don tarihi ba, rai ya fi soro. Amma a bincika a gani, gidan da ya faɗi yawanci shekara nawa ya yi ba yaɓe? Ina kwatar unguwar take bi? Sau da yawa maƙwabci ne ya yi ginin bulo ya ɗaga dandamali ya juyo da ruwansa gindin bangon talaka, ko leda ta toshe magudana ruwa ya kwana a lungu. Wani kuma gyaran ganganci ne, a ɗauko siminti a shafe bangon ƙasa da shi wai an yi zamani. Siminti ba ya kama ƙasa, kuma yana hana ta shan iska, damshi ya taru a ciki ba a gani, rana ɗaya ya ɓallo da rabin bango. Sannan a ce laifin ƙasa ne. Shi ginin bulon da aka cuci siminti a ciki ba ya faɗuwa ne? Benaye nawa muka ji sun rufta a manyan biranen ƙasar nan?

Za a ce zafi da duhu da kunama. Haba! Wadda ta taɓa kwana a soro a watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke kai 40 a ma'auni, ba za ta faɗi haka ba. Bango mai kauri yana shanye zafin rana, ɗaki ya yini da sanyi, da hunturu kuma ya riƙe ɗumi. Ɗakin bulo mai rufin kwano kuwa in an ɗauke wuta tanda ne, ki ga mai jego ta fito tsakar gida da jariri tana fifita da murfin tukunya. Duhu kuma ai taga ake buɗewa. Ba wanda ya hana a ja wuta da famfo, a yi banɗaki na zamani, a gyara madafi. Gidan Korau ma an sa masa. In iyali sun yi yawa a yi sabon gini daga baya, a bar zaure da soron gaba su tsaya. Abin da nake ƙi shi ne a zo da katafila a share komai kamar ba a taɓa yin mutane a wurin ba.

Magana mai nauyi ita ce ta gado, kuma ba na wasa da ita. Allah ya raba, mace na da rabin rabon namiji, matar mamaci na da sumuni in akwai 'ya'ya, ba mai ikon hana mabuƙaci haƙƙinsa don son tsohon gini. Amma wa ya ce rabo dole sai an sayar wa bare? Kuma tunda kina da rabo ai kina da baki. Me ya sa za a yanke magana a zaure a aiko miki da sakamako kamar 'yar haya? Ki je ki tambayi malamin Islamiyyarku babin shufu'a, yana nan cikin Risala da ake karantawa a zaurukan garin nan. Ma'anarsa in kuna tarayya a gida da ba a riga an raba ba, ɗaya ya sayar da rabonsa ga wani, abokin tarayya na da haƙƙin ya biya kuɗin ya karɓa. A babin nan dai akwai hubusi, wato wakafi, inda mai gida tun yana da rai da lafiya zai tsayar da shi don amfanin zuriya, ba a sayarwa ba a bayarwa. Addini bai bar mu a duhu ba, mu ne ba mu tambaya. Mata nawa ne a dangi ɗaya suke da gwal a ajiye? In huɗu suka haɗa hannu ba za su fanshi rabon ɗan uwan da ya matsu ba? Muna iya haɗa kuɗin gudunmawar biki cikin mako guda, har da rigima kan wadda ba ta ba da ba.

Wani laifin kuma na ɗora shi kan 'yan uwana marubuta da masu shirya fim. Ki buɗe littattafan soyayya ki gani. Yarinyar kirki in Allah zai saka mata sai an kai ta gida mai bene da maigadi da falo uku, a cinye shafi biyar ana kwatanta kujeru. Gidan ƙasa kuwa nan ake ajiye muguwar kishiyar uwa da boka da yunwa. Yarinya ta karanta irin wannan hamsin tun tana aji biyu na sakandare, yaya za ta kalli zauren ubanta in ta dawo? An koya mata cewa arziki shi ne tserewa daga inda ta fito. A fim ma in ana son nuna gidan sarki ko na attajirin da, sai an sha wahalar neman inda za a ɗauka, don mun rushe.

Alhali wasu da ba su fi mu komai ba sun riƙe nasu. A Jenne ta ƙasar Mali akwai babban masallacin ƙasa da aka sake ginawa a 1907, duk shekara gari ke fitowa yaɓensa kamar ranar sallah, mata na jigilar ruwa maza na hawa bango. Agadas da kakanninmu ke zuwa fatauci, a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garinta cikin kayan tarihin duniya, gidajen ƙasa ne da hasumiya 'yar uwar Gobarau. A ƙauyen Yama na jihar Tawa wani magini, Falke Barmu, ya gina masallacin Juma'a da ƙasa, a 1986 aka ba ginin kyautar Aga Khan, wadda manyan masu zanen gini na duniya ke nema. Kano ma ta riƙe Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa. Mu da muke cewa Katsina ɗakin kara, ina karar da muka yi wa waɗanda suka gina mana gari?

Ban ce kowace ta koma gidan kakanta da zama ba. Amma in Allah ya sa naku na tsaye, kuma akwai sauran tsohuwa a ciki, to ki shirya ki je ki yini, ba gaisuwar tsaye ba. Wayar nan da kike ɗaukar hoton girki da ita ki kunna ta ki ajiye gabanta. Ki tambaye ta wa ya gina gidan, daga ina ya zo, me yake sayarwa, wace ce amaryar farko da aka kawo soron, wa aka haifa a wane ɗaki, wace shekara aka yi yunwa aka buɗe rumbu, ina aka binne mabiyiyar babanki. Maza sun san iyakar fili da takardarsa, amma wannan ilimin a kan tsofaffin mata yake, kuma ba a rubuce yake ko'ina ba. Ki ɗauki hoton zaure ciki da waje, da rufin, da zanen bango in akwai, da ƙyauren ƙofa. Ki tafi da 'ya'yanki, ki bar su su yi wasa a tsakar gidan su yi datti, ba za su mutu ba.

Kafin ki fito ki zagaya bayan ɗakuna ki duba gindin bango, ki ɗaga kai ki dubi indararo. In kin ga tsaga ko toshiya kada ki jira taron dangi, don kin san yadda taron dangi yake ƙarewa. Ki tambayi tsofaffin unguwa, har yanzu akwai sauran maginan ƙasa a cikin birni, sun tsufa kuma 'ya'yansu sun koma bulo da acaɓa, amma suna nan. Ki kira ɗaya tun da rani ya hau ya duba, ki tsaya a kansa kada ya sa siminti. In an tashi biya ki kira yayyenki mata a waya ku raba, ki gaya musu ankon bikin da ke tafe a haƙura da shi.